Laraba Na Faɗa wa Baba Ajimi

Litinin, 6 ga Nuwamba, ƙarfe goma na safe

Kayen aiki, littafin da nake rubuta awo, na can bayan ɗakin Iya, cike da lambobi. Wannan nawa ne ni kaɗai, don abin da ba ya shiga memuwar, kundin binciken kammala karatuna, tunda ba mai saurarena a gidan nan.

Ƙaguwa bakwai gare ni yanzu, kowace da bahonta. Aikina shi ne in gano irin dodon koɗin da suke zaɓa su ci, domin dodon koɗin ruwa ne ke rainon tsutsar tsargiya, fitsarin jinin nan da ya addabi manoman bakin kogin Komadugu. In har ƙaguwa na cinye shi, to ba abar kashewa ba ce. Sau uku ina yi wa Iya wannan bayani, amsarta ɗaya: "Shekara biyar a jami'a, a ƙare da kiwon ƙwari cikin bahon wankina." Yaya Hafiz kuwa Daktar Ƙaguwa yake kirana, har a gaban baƙi.

Baba Ajimi ne ke kawo min su, da dodannin. Tsohon masunci ne daga tsallaken kogin, shekara takwas ke nan da gudu ya kawo shi Diffa, shi da matarsa Ya Kubra. Shi kaɗai ya yarda ya shiga cikin kacalla, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, ruwa har ƙirji, yana tsintar abin da ba a ci. In ya kawo bokiti sai in tambaye shi daga ina, shi kuma ya kira sunan mai gona, don kanal, hanyar ruwan ban-ruwa, ba shi da wani suna sai na mai shi. Haka nake rubutawa a jikin bokitin. Na satin da ya wuce Grema ne.

Laraba, 8 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

Ta baho na uku ce gwanata. Na zuba mata dodanni goma sha biyar, manya biyar, matsakaita biyar, ƙanana biyar, kowanne da lambarsa da na ɗiga da jan farce. Ba ta yi gaggawa ba. Ta ɗauki babba da awartakinta, ta juya shi, ta lalubi bakin ɓawon, ta ɗan matsa kamar mai taɓa tumatir a kasuwa, ta ajiye. Daƙiƙa tara. Ƙananan ko kallo ba su ishe ta ba, ta bi ta kansu ta wuce. Da ta zo kan matsakaici sai ta zauna, ta fara ɓantarar bakin kaɗan-kaɗan har ta kai ga naman. Kafin la'asar ta gama da huɗu cikin biyar.

Babban zai iya karya mata awartaki, ƙaramin kuma bai kai wahalarsa ba. Ba wanda ya koya mata.

An ce Grema bai dawo daga gona ba jiya. An tarar da injin ban-ruwansa yana ta aiki shi kaɗai.

Alhamis, 9 ga Nuwamba, bayan azahar

Ba zan rubuta abin da ake faɗi a kan waɗanda suka ɗauke Grema ba. Iya ta ce bango ma kada ya ji sunansu daga bakinmu.

Asabar, 11 ga Nuwamba, ƙarfe tara na safe

Baba Ajimi ya kawo bokiti. Na ce daga ina, ya ce kanal ɗin Ɗalha. Na ce ya ji labarin Grema? Ya ce, "Na ji, ɗiyata." Shi ke nan. Mutumin da a kanal ɗinsa ya wuni kwana biyar kafin abin, amma bai ce ko Allah ya kuɓutar da shi ba. Ya tsuguna yana kallon ƙaguwar baho na biyar, wadda awartakinta ɗaya ya karye, ya ce wannan ƙanana kaɗai za ta ci har sabo ya fito mata. Na duba kaye, haka ne. Abin da na yi sati biyu ina aunawa ya faɗe shi da kallo ɗaya, kuma maimakon in ji daɗi sai na ji haushi.

Na goge Grema daga jikin tsohon bokitin.

Talata, 14 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Ranar kasuwa. Yaya Hafiz ya dawo da buhunan da za a zuba tattasai, yana ta lissafin ranakun tsinka. Gonarsa na kan hanyar Geskeru, a bakin ruwa sosai, kuma bana ne ta fara yi masa kyau bayan shekara uku ruwa na cinye ta. Iya ta ce ya bar ƴan ƙwadago su tsinke ba tare da shi ba.

Ya ce, "Iya, in ban je ba rabin tattasan nan sai dai in ji labarinshi."

Ta ce, "Gara ka ji labarinshi da mu ji naka."

Ya yi dariya ya ce ita da Daktar Ƙaguwa sun haɗa baki. Tun rasuwar mahaifinmu shi ke riƙe da gidan nan, kuma ba a taɓa juya shi daga abin da ya sa gaba ba.

Alhamis, 16 ga Nuwamba, ƙarfe sha ɗaya na safe

Ɗalha.

Alhamis ɗin dai, ƙarfe uku na yamma

Na buɗe kayen aiki don in shigar da awon yau, sai idona ya faɗa kan shafin baya. Biyu ga wata, Grema. Bakwai ga wata bai dawo ba. Sha ɗaya ga wata, Ɗalha. Yau sha shida. Kwana biyar, kwana biyar.

Na rufe kayen. Na sake buɗewa, lambobin na nan yadda suke.

Mushe, malamin da ke duba min memuwar, kullum yana ce mana abu biyu ba hujja ba ne, sai an maimaita. Na sani. Amma na sake ƙirga ranakun.

Juma'a, 17 ga Nuwamba, bayan an sauko daga masallaci

Na hana ta baho na uku abinci kwana uku, yau na zuba mata. Ba zaɓe, ba juyawa, wanda ta fara cin karo da shi ta kama, har babban ta yi ta fama da shi kusan minti ashirin. Ashe mai ƙoshi ce ke zaɓe.

Ina kallonta ina tunanin abin da bai kamata ba. Ba a taɓa Alhajin da ke da gonaki shida da masu gadi ba. Ba a taɓa ƴan ƙwadago ba. Grema da Ɗalha duk inji ɗaya gare su, gona ɗaya, iyali a gari, kuma ba su da wani babba a sama. Yaya Hafiz ma haka. Su waɗancan ba sa shigowa gari su ga wa ke da mi. Sai dai in akwai mai zuwa ya duba musu tukuna, mutumin da ba wanda zai tambaye shi abin da yake yi a bakin gonar wani.

Allah ka yafe min in zalunci ne. Tsoho ne, yana ce min ɗiyata.

Litinin, 20 ga Nuwamba, ƙarfe tara da rabi na safe

Ya zo. Na ce daga ina. Ya daɗe yana wanke hannu a bakin randa kafin ya ce, "Kanal ɗin Yayanki."

Na ce, "Wa ya aike ka can, Baba?"

Ya ce, "Ke kika ce inda ruwa ke kwance, kacalla da yawa. Can suke."

Gaskiya ne, ni na ce. Amma kanal nawa ne a bakin Komadugu? Ban rubuta komai a jikin bokitin ba. Da ya tafi na lura bai sha shayin da Iya ta ba shi ba, shi da ke shanye kofi biyu ya nemi ƙari.

Talata, 21 ga Nuwamba, da safe

Ban yi awo ba. Dodannin na nan a bokiti, suna hawa suna faɗowa.

Alhamis, 23 ga Nuwamba, ƙarfe biyu na rana

Yau ba ranar zuwansa ba ce, amma ya zo, hannu wofi. Ya tsaya a ƙofar zaure yana leƙe-leƙe. Ya tambayi Yaya, na ce ya tafi garin Maine neman kamiyo, babbar motar da za ta kwashi tattasai. Sai ya rage murya.

"Wace rana shina zuwa gona?"

Na ce mi ya sa yake tambaya. Ya ce, "Ba komai. Akwai abin da zan nuna mishi." Na ce ya faɗa min in isar. Ya girgiza kai, ya ce ba maganar gari ba ce, kuma ba maganar mata ba.

Alhamis mai zuwa ne za a yi tsinka, talatin ga wata, kowa a gidan nan ya sani. Na dube shi ido cikin ido na ce, "Laraba, Baba. Da sassafe."

Ya maimaita, "Laraba." Ya yi godiya ya tafi.

Ban shirya ba, bakina ne ya yi aikin. Amma da na zauna na ga ai hanyar ke nan. Haka aka koya mana: ka canza abu ɗaya, ka bar sauran yadda suke, ka zuba ido. Duk duniya mutum ɗaya ne ya san Laraba. In Laraba ta wuce gonar na shiru, na zalunce shi, zan nemi gafararsa ko da bai san laifina ba. In kuwa an ga wani abu, to ba sauran tambaya.

Asabar, 25 ga Nuwamba, ƙarfe shida na yamma

Na faɗa wa Yaya komai, na nuna masa ranakun a kaye. Na zaci zai yi dariya. Bai yi ba. Ya karanta sau biyu, ya ce, "Ashe karatun naki shina da amfani." Shekara biyar ina jiran ya faɗi haka, kuma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Ya ce zai sa ƴan ƙwadagonsa huɗu su kwanta cikin tattasai ranar Laraba tun asuba. Na ce su duba kawai, kada su taɓa kowa. Ya ce in bar masa sauran.

Lahadi, 26 ga Nuwamba, da hantsi

Kwana biyar sun cika jiya, ba abin da ya faru, don Yaya bai je ba. Ko don ba komai. Ban sani ba.

Litinin, 27 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

Bai kawo bokiti ba. Karon farko ke nan tun da muka fara.

Na koma aiki don kada in haukace. Na fasa bakin ɓawon manya uku-uku na kowane baho da ƙusa, kaɗan kawai, na zuba su tare da lafiyayyu. Duk bakwai ɗin masu tsagar suka fara ɗauka, har mai karyayyen awartakin ta gwada sa'arta. Girman bai dame su ba tunda sun sami inda za su sa hannu. Wannan zai yi wa Mushe daɗi, shafi guda ne cur.

Iya ta leƙo ta ce na rame. Ta ce ina Ajimi, ta ajiye wa Kubra kuka da daddawa. Na ce ban sani ba.

Talata, 28 ga Nuwamba, bayan la'asar

Gobe. Ina roƙon Allah kada a ga kowa. Can ƙasan raina kuma akwai abin da ke son a gani, don in zama mai gaskiya. Na tsani wannan abin.

Laraba, 29 ga Nuwamba, ƙarfe sha ɗaya na safe

Sun same shi. Tun kafin rana ta fito yana tsugune a bakin turbar da ke shiga gonar, ba bokiti, ba koma, yana kallon hanyar gari. Shi kaɗai. Yaya ya ce ai sauran na jiran alamarsa ne, da suka ji hayaniya suka janye. Sun ɗaure shi da igiyar buhu, motar jami'an tsaro ta zo ta tafi da shi. An ce yana ta cewa a kira masa Hafiz, a bar shi ya nuna wa Hafiz. Yaya ya ce ko fuskarsa ba ya son gani.

Unguwa ta cika gidanmu. Ƙanin Ɗalha ya zo har bayan ɗakin Iya ya tsaya kan bahunan yana sa min albarka. Wata maƙwabciya ta ce dama ita tun farko idon tsohon nan bai yi mata ba, ita da ke aikensa ya sayo mata kifi.

Ya kamata in ji sanyi. Na tambayi Yaya ko sun buge shi, ya ce kada in tambayi abin da ba ya cikin kayena.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Ya Kubra ta zo, tana sallama a ƙofa tana kiran sunana. Na shige ɗaki na ja labule. Iya ta ce mata ba na nan, ta sa sakata. Ta daɗe a tsaye, ina jin tarinta.

Alhamis, 30 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai na safe

Yaya ya tafi da kamiyo, yana fito. Ya ce yau zai tsinki tattasai da kwanciyar hankali, albarkacin Dakta. Iya ba ta hana shi ba wannan karon.

Alhamis, ƙarfe goma saura

Ta dawo. Ba ta yi sallama ba, ta kafa bakinta a tsagar ƙofa tana magana da ƙarfi, da Hausarta mai nauyin Barebari. Zan rubuta yadda ta faɗa.

"Rukaiya, ko ba ki buɗe ba ki ji. An yanka hanya cikin kacalla, faɗin jirgi ɗaya, daga tsallake har bakin kanal. Daga tudu ba a gani, sai wanda ya shiga ciki. Ya gani wajen Grema, ya faɗa mishi, Grema ya yi dariya. Ya gani wajen Ɗalha, tsoro ya kama shi, ya yi shiru, kwana uku bai ci abinci ba. Yanzu ya gani wajen Yayanki, sabon yanka. Kada ya je, Rukaiya. Ki ce kada ya je."

Na buɗe. Na ce mi ya hana shi faɗi a fili tun ranar?

Ta dube ni kamar yau ta fara ganina. Ta ce, "Ɗan gudun hijira ya ce ya san hanyarsu? Sai a ce ta ina ya sani. Ga shi ko bai faɗa ba an ce." Ta ce so yake ya tare Yaya a turba, ya kai shi ya gani da idonsa, don Yaya ba zai ɗauki maganar mai tsintar koɗi ba.

Ni na tura shi cikin kacalla. Inda ruwa ke kwance kacalla ta yi duhu, nan dodon koɗi yake, nan kuma jirgi ke ɓuya. Wannan ne ya haɗa ranakun da ke kayena. Ban taɓa tunaninsa ba, ko sau ɗaya.

Na kira Yaya. Tana shiga, ba a ɗauka.

Alhamis, ƙarfe sha ɗaya

Sau goma sha huɗu. Direban kamiyo ma ba ya ɗauka.

Alhamis, ƙarfe ɗaya na rana

Yanzu wayarsa a kashe take.

Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma

Kamiyo ya dawo. Buhu tara, ƴan ƙwadago huɗu, direba. Sun ce ya sauka ya duba bakin tiyo a kanal, minti biyar kawai. Ba zan rubuta sauran ba. Iya na zaune a tsakar gida da takalminsa ɗaya a cinyarta, kuma wadda ke riƙe da kafaɗarta Ya Kubra ce.

Juma'a, 1 ga Disamba, da rana

Mutanen da suka cika gidan ranar Laraba sun sake cika shi. Yanzu cewa suke ramuwa ce, don an kama mutuminsu. Na ce ba haka ba ne, na faɗi maganar kacalla, aka ce baƙin ciki ne ke sa ni surutu. Salular Iya na kan tabarma, kowa na satar kallonta ko waɗanda suka tafi da Yaya za su kira. Ba ta yi ƙara ba tukuna.

Asabar, 2 ga Disamba, ƙarfe uku na yamma

Na ɗauki kayen aiki na je inda ake tsare da shi. Na ce wa mutumin da ke kan tebur ni na aike shi kanal-kanal, ga ranakun, ga dalili, a je a duba kacallar. Ya juya shafi biyu, ya ga lambobi da zanen ɓawo, ya ce in dawo Litinin in maigidansu ya zo. Na yi ta roƙo har ya ba ni minti biyar.

Idonsa ɗaya ya kumbura ya rufe. Da ya gan ni sai ya yunƙura zai tashi, kamar ni ce babba. Ya Kubra ta riga ta faɗa masa. Na zo da maganar a bakina, tun daga gida nake maimaita ta, amma shi ya riga ni.

"Ɗiyata, mi ya sa ya canza rana? Da ya zo Laraba da na tare shi. Tun asuba ina wurin."

Na buɗe baki. Na ce, "Kamiyon ne ya lalace, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "Allah ya ƙaddara. Kada ki ɗora wa kanki, ke kin faɗa min daidai."

Aka ce lokaci ya cika, na fito. Ban gyara ba.